Jirgin da Ba Ya Barin Ƙasa

Akwai abin da yawancin fasinjoji ba su sani ba, wanda da za a faɗa musu kafin a rufe ƙofa, da wasunsu sun nemi a sauke su. Mai yiwuwa matuƙin da ke gaba, yau ce rana ta farko da zai ɗaga irin wannan jirgin daga ƙasa. Ba sabon shiga ba ne, watakila ya shekara goma yana tuƙa wani samfurin. Amma wannan samfurin dai, duk abin da ya sani a kansa a cikin wani farin akwati ya koya, akwatin da aka ɗora a kan ƙafafu shida a tsakiyar wani zaure, wanda ko taku ɗaya bai taɓa matsawa daga inda aka kafa shi ba. Dokar Amurka da ta Turai da ta ƙasashe da dama sun yarda da haka, muddin matuƙin gogagge ne tun asali, kuma kyaftin mai horarwa na zaune a gefensa a tafiye-tafiyensa na farko.

Akwatin nan shi ne na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda 'yan harkar ke kira simuleta. Ba na cikin masu ganin amincewar da aka yi da ita ganganci ne. A ganina da wuya a nuna wani abu guda da ya tsare rayuka a sama fiye da ita. Sai dai akwai maganar da ya kamata ta riƙa tafiya tare da yabon: na'urar ba ta san komai game da tashi ba sai abin da mutane suka zuba mata, shi kuma matuƙi duk abin da ta nuna masa zai riƙe shi a matsayin gaskiya, daidai ne ko kuskure.

Tunanin ya kusa kai jirgin kansa tsufa. A wajajen 1910 kamfanin Antoinette na Faransa ya tsaga ganga gida biyu ya ɗora rabi a kan rabi, ɗalibi ya zauna a sama, wasu na girgiza shi da hannu yana ƙoƙarin daidaita kansa. Wanda ya mai da abin sana'a kuwa shi ne Edwin Link, wani matashi a garin Binghamton na jihar Niyok, wanda mahaifinsa ke da masana'antar fiyano da ogan. Da zugazugai da bututan iska na waɗannan kayan kiɗa ya harhaɗa wani ɗan akwati mai guntayen fukafukai a 1929, mai karkata da juyawa idan aka motsa sandar tuƙi. Da farko wuraren wasa ne suka fi saye. Sai a 1934 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ta damƙa wa sojoji aikin, su kuwa sun saba tuƙi ne da rana suna kallon ƙasa. Aka tura su cikin dare da hazo da sanyin hunturu, ba a yi wata uku ba mutum 12 suka rasu. A shekarar sojoji suka sayi akwatunan Link guda 6. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000, kuma matuƙan Amurka sama da 500,000 sun zauna a cikinsu.

Darasin da akwatin Link ya koyar ɗaya ne, amma babba. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan kwaroro masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki ya karkata ko ya juya. A ƙasa ba su cika kuskure ba, don ido na gyara musu. A cikin gajimare kuwa, inda ba a ganin sama ba a ganin ƙasa, jirgi zai iya shiga kwana sannu a hankali kunne bai ji ba, matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya alhali gangarowa yake a karkace. Link ya rufe ɗalibi ruf da murfi, ya bar shi da agogunan da ke gabansa, har sai ya koyi gaskata allura ya ƙaryata jikinsa. Na'urar zamani kuma wannan raunin na kunne ta mayar jarinta.

Ga yadda abin yake. Ƙafafun nan shida da ke ɗauke da akwatin, na da da man haidirolik suke aiki, na yanzu galibi da lantarki, kuma miƙewar kowacce ba ta wuce kimanin mita ɗaya da rabi ba. To ta yaya abin da iyakar tafiyarsa ke nan zai sa mutum ya ji yana gudu a kan titin jirgi na kusan rabin minti? Lokacin da matuƙi ya tura injuna, akwatin kan zabura gaba kaɗan, ya ba shi jin fizgar farko. Daga nan sai ya ɗaga hancinsa sama a hankali, a hankalin da kunne ba zai lura da juyawar ba. Nauyin jiki sai ya koma kan bayan kujera. Ido kuwa yana ganin titi a shimfiɗe yana gudu a gabansa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta yanke hukunci cewa gudu ne ke ƙaruwa. In za a taka birki sai a yi akasin haka, a sunkuyar da hancin, mutum ya ji bel na riƙe ƙirjinsa. A tsakanin motsi da motsi, ƙafafun kan sulale su koma tsakiya ba tare da an ji ba, don su sami sararin motsi na gaba. Wanda ya tsaya a waje yana kallo zai ga akwati na ɗaga kai yana sunkuyawa kawai, na ciki kuwa gumi yake yi.

Sauran abubuwan an gina su ne don kada wani ɓangare na jiki ya tona asirin. Ɗakin matuƙa kwafin na ainihi ne, maɓalli a inda maɓalli yake, kuma sitiyari da feda suna da nauyin da suke da shi a sama, suna ƙara tauri idan gudu ya ƙaru. Hoton waje ba a kan gilashin taga yake ba. Ana haska shi ne ta wani katon madubi mai lanƙwasa, yadda ido zai ga abin kamar yana can nesa, kuma kyaftin da mataimakinsa su ga titi a wuri ɗaya duk da ba kujera ɗaya suke ba. A shekarun 1960, kafin kwamfuta ta iya zana hoto, ƙaramar kyamara ce ke yawo a kan wani faffaɗan allo da aka sassaƙa filin jirgi da gidaje da bishiyoyi a kai. Akwai ƙarar inji, da ta iska, da ta ruwan sama a kan gilashi, da gwaf ɗin tayoyi idan sun shige cikinsu. Tsakanin motsin hannun matuƙi da amsar na'urar kuma ba a yarda jinkiri ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa ba, don in ya wuce haka hannu zai koyi wani salon da ba na jirgin ba ne.

Ruhin abin kuwa ba a ganinsa. Lissafi ne da ke cikin kwamfuta, wanda aka gina a kan alƙaluman da masu ƙera jirgin suka tattara lokacin da matuƙan gwaji ke tashi da shi. Hukumomin sufurin sama sun kasa manyan na'urorin zuwa matakai huɗu, A zuwa D, kuma kafin a ba na'ura shaida sai an gwada amsarta da ta jirgin ainihi a gwaje-gwaje masu yawa, sannan a riƙa sake duba ta lokaci-lokaci. Ta matakin D, wadda ita ce ƙololuwa, kuɗinta kan haura dala miliyan 10. A riƙe wannan batu na alƙaluma, don za mu dawo kansa.

Amfani na farko da ta yi shi ne ta raba horo da mutuwa. Kafin ta, idan ana so a koya wa matuƙi abin da zai yi in inji ya mutu, sai a ɗauki jirgi na gaske a tashi, malami ya rage wa injin wuta. A watan Maris na 1967 wani DC-8 na kamfanin Delta yana irin wannan atisaye a New Orleans, ana kwaikwayon sauka da injuna biyu a mace, ya ƙwace ya faɗa kan gidaje da wani masauki. Mutum 6 da ke ciki da 13 da ke ƙasa suka rasu. Ba shi kaɗai ba ne a waɗancan shekaru. Yau kuwa matuƙi na iya rasa inji daidai lokacin da gudunsa ya wuce na tsayawa, sau biyar a zama ɗaya. In ya kuskure, malami ya tsayar da komai cak, a tattauna, a mai da jirgin bakin titi a sake. Gobara a ɗakin kaya, fashewar taya, zubewar iskar cikin jirgi a ƙafa 35,000, sauka cikin hazon da ba a ganin komai sai fitilun titi: duk ana yin su ne a zaman awa huɗu da galibin matuƙan kamfanoni ke komawa kusan kowane wata shida, har ranar da suka ajiye aiki.

Misali mafi kyau shi ne na iskar nan da kan rufto daga gindin hadari ta bugi ƙasa ta watsu. Jirgin da ya shige ta yana dab da sauka, da farko iskar kan taso masa ta gaba, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya rage wuta. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan haka sai ta danno shi ƙasa ta koma bayansa, ya rasa abin ɗaukarsa. Ita ta kayar da wani jirgin Delta a Dallas a 1985, mutum sama da 130 suka rasu. Wannan abu ba ya koyuwa a jirgi na gaske, don mai koyon ba zai dawo ba. Aka ɗauki bayanan haɗurran aka zuba su a na'ura, matuƙa suka yi ta shiga suna fita har hannunsu ya san cewa a nan ba a jira: wuta duka, hanci sama. Haɗe da na'urorin hangen iska da aka saka a filaye da cikin jirage, irin wannan haɗari ya yi ƙaranci ƙwarai a manyan kamfanoni tun tsakiyar shekarun 1990.

Amfani na biyu ba a yi tsammaninsa ba tun farko. A ƙarshen 1978 wani DC-8 na kamfanin United ya yi kusan awa guda yana kewaya birnin Portland, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyin sauka, na ƙasa da shi sun ga mai na ƙarewa amma ba su faɗa da ƙarfin da zai girgiza shi ba. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 10 suka rasu. Kowa a ɗakin ya iya tuƙi. Abin da ba su iya ba shi ne magana da juna. Daga irin wannan aka fara amfani da na'urar ta wata fuska: a ba matuƙa tafiya cikakkiya daga tashi har sauka, a jefa musu matsalar da ba ta da amsa ɗaya, malami ya yi shiru yana kallon wa ya yi magana, wa ya saurara, wa ya ga kuskure ya haɗiye don nauyin babba. Wannan ɓangare ni ya fi burge ni, domin ya nuna na'urar madubi ce ta hali, ba ta hannu kaɗai ba. A 1989 wani DC-10 na United ya rasa duka layukan haidirolik ɗinsa uku bayan injin jela ya tarwatse, sitiyari ya zama banza. Cikin fasinjoji akwai wani malamin matuƙa, Denny Fitch, wanda tun bayan wani haɗari mai kama da wannan a Japan a 1985 ya riƙa gwada tuƙi da injuna kaɗai a na'ura. Kyaftin Al Haynes ya karɓe shi ya ba shi sandunan wutar injuna. Suka kai jirgin filin Sioux City, mutum 184 cikin 296 suka rayu. Haynes bai gushe ba yana cewa horon aiki tare da suka samu na cikin abin da ya cece su.

To yanzu mu dawo kan alƙaluma. Matuƙan gwaji ba sa kai babban jirgin fasinja kowane irin hali, don wasu halaye ba a dawowa daga cikinsu. Saboda haka ilimin na'urar yana da iyaka, kamar gona mai shinge. A cikin shingen, amsarta ta jirgi ce. A bayansa, ƙiyasi take yi, kuma ba ta gaya wa wanda ke ciki cewa yanzu fa na fara ƙiyasi. Hoton na nan da kyaunsa, ƙarar na nan, motsin na nan. Abin da ya sa ƙaryarta ta fi ta littafi haɗari ke nan, domin littafi kai yake koya wa, ita kuwa hannu da ƙafa take koya wa, su kuma ba sa tsayawa tambaya a lokacin firgici.

An ga haka a Nuwamban 2001. Wani Airbus A300 na kamfanin American ya tashi daga Niyok a bayan wani katon Boeing 747, ya shiga guguwar da fukafukan na gaba suka bari. Girgiza ce da jirgin zai iya wucewa da kansa. Amma mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar jela hagu da dama har ƙarshe, sau da yawa a jere, har tsayayyen allon jelar ya karye ya fice. Mutum 265 suka rasu, 5 daga cikinsu a ƙasa. Da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta bi diddigi, ta samu cewa a horon kamfanin akwai wani atisaye a na'ura inda ake ce wa matuƙi yana bayan 747, sai jirgin ya karkata kusan digiri 90, kuma an shirya na'urar ta ƙi amsa sitiyari da feda na ɗan lokaci don karkatar ta yi tsanani. Niyyar masu horon mai kyau ce. Amma abin da ƙafa za ta iya ɗauka daga nan shi ne guguwar bayan jirgi na kifar da mutum, kuma ƙaramin motsi ba ya aiki sai an taka da ƙarfi. Hukumar ta lissafa wannan horo, tare da yadda aka tsara fedar jirgin, cikin abubuwan da suka taimaka wa haɗarin.

Shekarar 2009 ta buɗe wani gibin da ya fi wannan faɗi. Idan aka ɗaga hancin jirgi fiye da kima, iska kan saki bayan fiffike, ɗaukar ta gushe, jirgi ya fara zubowa ko da injuna na aiki. Maganinsa a sunkuyar da hanci, a yarda a rasa tsawo don a sami tashi. Shekara da shekaru, a na'ura, ba a kai matuƙan manyan jirage cikin wannan hali sosai, don babu amintattun alƙalumansa. Ana tsayawa ne a bakin ƙofarsa, da zarar gargaɗi ya yi ƙara a ƙara wuta, kuma ana yaba wa wanda bai rasa tsawo da yawa ba. Wato an shekara ana koya wa hannu kada ya tura sitiyari gaba. A Fabrairu wani jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da birnin Buffalo na Amurka, kyaftin ya ja sitiyari baya yayin da jirgin ke neman a tura shi gaba, mutum 50 suka rasu. A Yuni jirgin Air France mai lamba 447, daga Rio zuwa Faris, ƙanƙara ta toshe bututan auna gudunsa a kan tekun Atilantika, na'urar tuƙi da kai ta saki, matuƙi ya ja hanci sama har ƙafa 38,000. Gargaɗi ya yi ta ƙara babu ƙaƙƙautawa na kusan minti guda. Jirgin ya yi minti uku da rabi yana zubowa, da mutum 228 a ciki, matuƙan ba su gane halin da suke ciki ba. Bayan haka ne Amurka ta wajabta a faɗaɗa lissafin na'urori har cikin wannan hali, kuma daga 2019 kowane matuƙin kamfani a can sai ya shiga cikinsa sosai ya fito. Gyaran ya zo, amma dubi farashin da aka biya kafin a matsar da shingen.

Akwai kuma abin da ko an cika alƙaluma ba zai shiga akwatin da sauƙi ba. Wanda ya zauna a na'ura ya san yau wani abu zai lalace, sau da yawa ma ya san mene ne, don jarrabawar kan maimaita abubuwa iri ɗaya kuma abokan aiki na ba juna labari. Ya kuma san ko me ya faru zai fito ya koma gida. A Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injuna biyu na wani A320 jim kaɗan da tashinsa daga filin LaGuardia na Niyok, Kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke shi a kogin Hudson, duka mutum 155 suka tsira. Masu bincike suka je birnin Toulouse na Faransa suka maimaita tafiyar a na'ura. Matuƙan da suka juya nan take da mutuwar injunan sun kai fili a gwaji 8 cikin 15. Da aka ce a jira daƙiƙa 35, wato lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi ya yanke shawara, sai jirgin ya kasa kaiwa. Waɗannan daƙiƙoƙi 35 su ne tazarar da ke tsakanin wanda ya san abin da ke tafe da wanda abin ya faɗo masa. Ko takardar matakan da aka tanada don mutuwar injuna biyu an rubuta ta ne da tunanin jirgi na can sama da lokaci a hannu, ba su kai ko rabinta ba kafin su taɓa ruwa.

Shi ya sa nake ganin babbar barazana ga wannan horo ba ƙarancin fasaha ba ce, mai da shi al'ada ce. In ya zama jarrabawar da ake haddacewa, to haddar ake aunawa. A 2015 wani ATR 72 na kamfanin TransAsia ya tashi daga Taipei, inji ɗaya ya samu matsala, kyaftin ya kashe ɗayan mai lafiya, jirgin ya faɗa kogi, mutum 43 suka rasu. Bincike ya nuna a shekarar da ta gabata kyaftin ya faɗi wani gwaji a na'ura, inda aka lura da rauninsa a kan mutuwar inji lokacin tashi, daga baya ya sake ya ci. Na'urar ta yi aikinta, ta nuna raunin ƙarara. Abin da za a yi da abin da ta nuna kuwa na mutane ne. Ƙungiyar sufurin sama ta duniya ta fitar da wani tsari a 2013 da ke neman a gina horo a kan bayanan da ake tattarawa daga tafiye-tafiye na yau da kullum, a riƙa ba matuƙa abin da ba su zata ba, a auna yadda suke tunani maimakon yadda suke maimaita motsi. Hanyar daidai ce, amma tana buƙatar malamai na ƙwarai da kamfanin da zai iya jure jin cewa matuƙinsa bai shirya ba.

Sai batun kuɗi, wanda ba ya rabuwa da wannan harka. Kowace awa a na'ura kuɗi ce, ga matuƙi da aka cire daga aiki, ga tafiyarsa zuwa cibiyar horo. Lokacin da kamfanin Boeing ke tallan sabon jirginsa 737 MAX, babban abin da ya yi alkawari shi ne matuƙan tsohon 737 ba za su buƙaci shiga na'ura ba. Rahoton wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nuna har an yi yarjejeniya da kamfanin Southwest cewa za a rage masa dala miliyan 1 a kan kowane jirgi in hukuma ta wajabta horon. Matuƙa suka wuce zuwa sabon jirgin da ɗan darasi a allon hannu, ba a ko ambata musu wani sabon tsari da ke iya sunkuyar da hancin jirgi da kansa bisa bayanin ma'auni guda ɗaya ba. Jirgi ya faɗi a Indunusiya a Oktoban 2018, wani a Habasha a Maris na 2019, rayuka 346. Bayan haka Boeing ya amsa cewa na'urorin MAX ɗin da ake da su ma ba sa nuna irin taurin da wilin da ake juyawa da hannu don daidaita jela ke yi idan gudu ya yi yawa. A Janairun 2020 kamfanin ya sauya matsayi ya ba da shawarar a yi horon, kuma da wannan sharaɗi jirgin ya koma aiki. Wannan labari ya haɗa cutukan biyu wuri guda: an hana matuƙa na'urar, kuma ko da an ba su, ba za ta faɗa musu dukkan gaskiya ba.

Ana ta muhawara kan ko na'ura za ta iya maye gurbin awannin tashi na sabon matuƙi. Tun 2006 akwai wani lasisi na duniya da ke kai ɗalibi kujerar mataimaki da awa 240, mafi yawansu a na'ura. Amurka kuwa ta bi wata hanya bayan haɗarin Colgan, ta ce sai awa 1,500 a mafi yawan lokuta. Ni ban gamsu da ƙidayar awanni tsagwaronta ba, don matuƙan Colgan su biyun duk sun wuce 1,500, kuma awa dubu ta kewaya fili ɗaya a rana mai kyau ba ta kai awa hamsin na matsala a gaban malami mai ido ba. Amma ban kuma yarda da masu cewa akwatin ya wadatar ba. Akwai abin da mutum ke samu ranar da ya ga hadari ya tare masa hanya, mai na raguwa, babu malamin da zai danna maɓalli ya tsayar da duniya. Sababbin na'urori masu tabarau da ake ɗaurawa a fuska, waɗanda Turai ta fara ba wa shaida don horon jirgi mai saukar ungulu a 2021, za su sauƙaƙa kuɗi su kai horon ga ƙananan makarantu, kuma wannan alheri ne. Iyakarsu dai ita ce iyakar manyan.

Iyakar nan kuwa har a jiki take. Jirgin da ya karkata digiri 60 a kwana yana riƙe da tsawonsa, nauyin wanda ke ciki kan ninka biyu, hannu ya yi nauyi, kumatu su zubo. Wanda aka tura hancinsa ƙasa da sauri kuma, mutum kan ji ya tashi daga kujera, cikinsa ya taso. Akwatin da ke kafe a ƙasa ba shi da abin da zai ba da waɗannan in ban da ɗan somin-taɓi na daƙiƙa guda, domin nauyin duniya kaɗai yake da shi, karkata shi kawai yake yi. Hukumar Turai ta amsa wannan a fili. Tun ƙarshen 2019, kafin sabon matuƙi ya fara koyon babban jirgi na farko a na'ura, sai ya yi awa 5 a aji da awa 3 a ƙaramin jirgi na gaske tare da malami. Malamin zai ɗaga hancin jirgin har iska ta saki fiffike, ko ya sake shi ya gangara yana murɗawa, ƙasa ta cika gilashin gaba, gudu na hauhawa, nauyi na danne ɗalibin a kujera, sannan ya ce masa karɓi tuƙi.